Daga Tilas Zuwa Zaɓi: Harsunan Gida a Manhajar Babbar Sakandare

Masu iya magana kan ce waiwaye adon tafiya. Kowace shekara yaran da suka kammala aji uku na ƙaramar sakandare kan tsaya a mararraba, inda ake buƙatar su zaɓi darussan da za su ɗauka zuwa jarrabawar ƙarshe. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka faro wannan zaɓi, da kuma matsayin da Hausa da takwarorinta suka samu a cikinsa.

Manhajar da muka gada daga Turawan mulki an tsara ta ne domin samar da akawu da malaman makaranta. Ɗalibi kan yi shekara biyar a sakandare, sannan ya ƙara biyu idan yana da niyyar shiga jami'a. Ganin cewa wannan tsari bai dace da buƙatun ƙasa mai 'yancin kai ba, sai aka kira babban taron manhaja a Legas cikin 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa. Shawarwarin taron ne suka haifi Manufar Ilimi ta Ƙasa a 1977, wadda aka yi wa kwaskwarima a 1981. Daga nan aka soma aiwatar da tsarin 6-3-3-4 a 1982, wato aka raba sakandare gida biyu, ƙarama da babba, kowace shekara uku. A 1988 hukumar WAEC ta gudanar da jarrabawar babbar sakandare ta farko.

Abin lura a nan shi ne, manufar ta sanya ɗaya daga cikin manyan harsunan ƙasa, wato Hausa ko Ibo ko Yarabanci, cikin darussan tilas na babbar sakandare, kafaɗa da kafaɗa da Turanci da Lissafi. Har ila yau, ta buƙaci ɗan ƙaramar sakandare ya koyi ɗaya daga cikinsu wanda ba nasa ba. Hikimar ita ce ɗinke ɓarakar da yaƙi ya bari. Wannan ne ya buɗe wa Hausa ƙofar azuzuwan Kudu, kuma don samar da malamai aka kafa Cibiyar Harsunan Nijeriya a Aba cikin 1993.

Sai dai tsara abu daban, aiwatar da shi daban. Manufar da kanta ta rataya koyar da harshe na biyu a kan samuwar malamai, malaman kuwa ba su wadata ba. Makarantu da yawa sun fake da wannan sharaɗi suka yi watsi da darasin. Iyaye kuma suka riƙa tura 'ya'yansu ajin kimiyya, suna kallon ajin adabi tamkar matattarar waɗanda suka gaza.

Da aka shigo da sabuwar manhaja a 2011, sai aka tilasta darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa da na koyon sana'a, aka mayar da harsunan gida cikin jerin darussan ganin dama. Ta haka abin da ya kasance wajibi tun zamanin 6-3-3-4 ya koma hannun yaro ɗan shekara goma sha biyar, ya ɗauka ko ya bari.

Mu da muke nazarin Hausa nesa da ƙasar Hausa, wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye, domin daga azuzuwan sakandare ɗalibanmu ke fitowa, kuma can akasarinmu za mu koma mu koyar. Tun da doka ta daina kawo mana yara, ya zama dole mu jawo su da nagartar koyarwa da littattafai masu ma'ana. Idan muka yi sake, wata rana za mu buɗe ƙofar sashe mu tarar babu mai shigowa.