Tarihi: kalmar da amfaninta a ƙasar Arewa ta Dogondutsi

Tarihi kalma ce da Hausa ta aro daga Larabci, inda asalin ma'anarta shi ne sanya wa abu kwanan wata, a san wanda ya riga wani. Malamai ne suka yaɗa ta, ta hanyar littattafai irin su Tarikh al-Sudan na Abdurrahman Sa'adi, wanda aka rubuta a ƙarni na 17. A bakin jama'a ta faɗaɗa, har ta haɗa da duk labarin mutanen da.

A ƙasar Arewa ta Dogondutsi da Tibiri, cikin jihar Doso, an daɗe ana jera al'amura ba da lambar shekara ba. Abin da aka riƙe shi ne zamani. Dattijo zai ce abu kaza ya faru zamanin wane, makaɗan fada kuma su jero sarakuna ɗaya bayan ɗaya har zuwa Akazama, ɗan Ari, Arin da ake cewa daga Barno ya zo. Amma jerin bai fara da sarauta ba. Gubawa, masu ƙasa, su ake sawa a gaba: Sarauniyar Lugu, sannan Bauran Bagaji, kana sarakunan da suka zauna a Matankari. Wannan jeri ba ado ba ne, domin wanda ya riga zuwa shi ke da ikon tsafin ƙasa, na baya kuma ya riƙe mulki. A Tibiri, zamanin Samna Karhe, a ƙarni na 19, shi ne babban ma'auni.

Talaka kuwa da yunwa yake lissafi. Har yau akwai tsohuwar da za ta ce ta haifi ɗan farinta shekarar El Buhari, wato farin 1984, lokacin da Najeriya ta rufe iyaka.

Lambar shekara ta kafu ne da zuwan Turawa. Yaƙin Lugu, inda Sarauniya Mangu ta tari rundunar Voulet da Chanoine, an san a watan Afrilun 1899 aka yi shi. A 1970 Marc-Henri Piault ya buga Histoire Mawri, littafin tarihin mutanen ƙasar Arewa, bisa abin da ya ji daga bakin dattawa.

Jerin baka ya fi ƙarfi wajen nuna gaba da baya, ba wajen ƙidayar shekaru ba. Duk da haka, masu nazari su gaggauta naɗar muryar dattawan Lugu, Bagaji da Tibiri tun suna raye.