Jar rigar Manchester United da tsanwa da rawayar da magoya baya suka tono

A gidajen kallon ƙwallo na Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, in aka ce "masu jar riga", Manchester United ce ke fara faɗo wa mutane da yawa a rai, ko da ƴan Liverpool da ƴan Arsenal za su tashi da gardama. Amma mai lura ya san wani abu. Duk lokacin da kamara ta haska ƴan kallo a filin Old Trafford, cikin jan nan da ya cika ko'ina sai ka hango wasu da ƙyalle tsanwa da rawaya ɗaure a wuya. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka magoya bayan Kano Pillars ne suka yi ɓatan hanya. To ba baƙi ba ne, ƴan gida ne, kuma ƙyallen nan magana ce suke yi da masu kulob ɗin. In muna son gane maganar, sai mun koma tun kafin a haifi jar rigar, domin tarihin launin wannan ƙungiya tarihin bashi ne da na wanda ya biya shi.

A shekarar 1878 ne ma'aikatan sashen taragu na kamfanin jirgin ƙasa na Lancashire and Yorkshire Railway suka kafa ƙungiyar ƙwallo a Newton Heath, wata unguwar ma'aikata a birnin Manchester. Sunanta a lokacin Newton Heath LYR, haruffa ukun nan na ƙarshe sunan kamfanin ne a taƙaice. Leburori ne da kafintoci da maƙera, in an tashi aiki su buga da ma'aikatan wasu sassa. Wasansu na farko da ya shiga rubutu an yi shi ranar 20 ga Nuwamba 1880 da ƙungiya ta biyu ta Bolton Wanderers, aka lallasa su da ci 6 da nema. Launin da aka ce sun sa a ranar shi ne tsanwa da ruwan zinariya, launin kamfanin da ke biyan su albashi.

A nan ne ake yawan yin kuskure a muhawarar fada, inda za ka ji wani ya ce ƙungiyar tsanwa da rawaya ta yi ta sawa har ranar da ta koma ja. Ba haka abin ya tafi ba. A 1892, shekarar da ta shiga rukunin farko na gasar Ingila, ta riga ta raba gari da kamfanin jirgi ta kuma yar da haruffan LYR, kuma hoton ƴan wasa na wannan shekara, a fahimtar masana tarihin kulob ɗin, riga ce mai gida huɗu, ja da fari. Tsanwa da rawaya sun dawo tsakanin 1894 da 1896. Daga 1896 kuwa farar riga ce da gajeren wando shuɗi mai duhu. Ke nan rigar da aka tuɓe ranar da ja ya zo fara ce.

Ja ɗin kuwa talauci ne ya buɗe masa ƙofa. A watan Janairu 1902 bashin fam 2,670 ya kai ƙungiyar gaban kotu, aka ba da umurnin a rufe ta. Kaftin ɗinta, Harry Stafford, shi ya shiga gari neman masu hannu da shuni. Akwai labarin da ƴan Manchester ke son bayarwa, wai karensa mai suna Major ne ya ɓace lokacin wata kasuwar tara kuɗi da ƙungiyar ta shirya, ya faɗa hannun wani attajiri, neman karen ya haɗa mutanen biyu. Attajirin dai na gaske ne: John Henry Davies, mai kamfanin giya. Shi da wasu ƴan kasuwa uku kowa ya zuba fam 500. A watan Afrilu 1902 aka binne sunan Newton Heath, aka raɗa Manchester United, aka ɗinko jar riga da farin wando da baƙar safa. Sabon mai gida, sabon suna, sabon launi, duk a lokaci guda.

Davies bai yi rowa ba. Cikin shekara takwas ƙungiyar ta ci gasar Ingila a 1908, ta ɗauki kofin FA a 1909, ta tare a sabon filin Old Trafford a 1910, har abokan hamayya suka riƙa yi mata ba'a da cewa jakar kuɗi ce ke buga mata ƙwallo. Sai dai jan bai zauna daram nan take ba. A wasan ƙarshe na kofin 1909, da yake Bristol City ma ja take sawa, United farar riga ta sa mai jan layi da ya sauko ƙirji kamar harafin V, ta ci 1 da 0. Wannan riga ta dawo ta zama ta gida daga 1922 zuwa 1927, shekarar da aka koma ja, kuma shekarar da Davies ya rasu.

Da mai biya ya kwanta dama, sai bashi ya sake leƙowa. A watan Disamba 1931 ko albashin ƴan wasa babu, sai da James Gibson, wani mai masana'antar ɗinka kakin soja da na ma'aikata, ya kawo fam 2,000. A ranar 5 ga Mayu 1934 United ta je gidan Millwall a wasan ƙarshe na kaka, in ba ta ci ba ta faɗa rukuni na uku. Ta shiga fili da riga mai zobba, ja mai duhu da fari, ta ci 2 da 0, ta tsira. An ɗan riƙe rigar nan a matsayin mai sa'a, amma ba a jima ba aka koma ja zalla, kuma tun daga lokacin rigar gida ba ta sake barin wannan launi ba.

Mu da muka yi lekol da Faransanci akwai wani ɗan guntun labari da zai yi mana daɗi. Laƙabin nan na Jajayen Shaiɗanu ba a Ingila aka ƙirƙiro shi ba. A 1934 ƙungiyar zari-ruga ta Salford, maƙwabciyar Manchester, mai sa jar riga ita ma, ta yi rangadi a Faransa ta doke duk wanda ta gamu da shi, ƴan jaridar can suka sa mata Les Diables Rouges. Shekaru bayan haka, da haɗarin jirgin sama na Munich na 6 ga Fabrairu 1958 ya kashe mutum 23, takwas daga cikinsu ƴan wasan United, laƙabin da ake kiran ƙungiyar da shi, wato ƴan jariran Busby, ya zama mai ciwo a baki. Mai horarwa Matt Busby ya karɓi na Salford, kuma a farkon shekarun 1970 ɗan shaiɗanin nan mai riƙe da mashi mai baki uku ya hau tambarin da ke ƙirji. Abin dariya, kofin Turai na farko da suka ɗauka, a Wembley ranar 29 ga Mayu 1968, da shuɗiyar riga suka ɗauke shi, suka doke Benfica 4 da 1.

Daga nan launi bai canja ba, abin da ke rubuce a kansa ne ya yi ta canjawa. A 1982 sunan Sharp ya hau ƙirji ya yi shekara 18. Bayansa Vodafone, AIG, Aon, Chevrolet, TeamViewer, yau kuma Snapdragon, har za ka iya gane shekarun mai goyon baya daga sunan da ke kan tsohuwar mayo ɗinsa. A 1998 aka goge kalmomin da ke nufin "ƙungiyar ƙwallon ƙafa" daga tambarin, abin da tsofaffin magoya baya ba su yafe ba har yanzu. A 2015 Adidas ta karɓi ɗinkin rigar kan fam miliyan 750 na shekara goma.

Cikin wannan kasuwanci ne kulob ɗin da kansa ya tono tsanwa da rawaya. A 1992, cika shekara 100 da shigar Newton Heath gasar Ingila, kamfanin Umbro ya fitar da riga ta uku, rabi tsanwa rabi rawaya, da igiya a wuya irin ta mutanen da. Da ita Eric Cantona da Ryan Giggs suka buga wasu wasanni. Don a sayar aka yi ta, kuma an saya. Amma ta koya wa wani sabon zubin matasa cewa ƙungiyarsu tana da wani launi da ya girmi ja, abin da masu kulob ba su san zai dawo musu ba.

A watan Mayu 2005 Malcolm Glazer, attajirin Amurka mai ƙungiyar Tampa Bay Buccaneers, ya saye United kan kusan fam miliyan 790, wato sama da miliyar 700 na sefa a canjin lokacin. Ba tsadar ce ta tayar da hankali ba, yadda aka biya ne. Mafi yawan kuɗin rance ne, kuma kadarorin kulob ɗin aka jinginar. Misalinsa a nan gida: mutum ya zo sayen shagonka na babbar kasuwa, ya ci bashin banki da sunan shagon, ya biya ka, sa'an nan cinikin shagon ne zai riƙa biyan bashin da kuɗin ruwansa, shi kuma yana ɗaukar riba. Ƙungiyar da ba kowa ke bin ta ba ta wayi gari da dutse a ka.

Wasu magoya baya ba su tsaya jira ba. A wannan shekarar ta 2005 suka fice suka kafa tasu, FC United of Manchester, suka fara daga can ƙasan rukunonin Ingila. Ku dubi abin da suka zaɓa: jar riga, farin wando, baƙar safa, irin na 1902, amma da dokar cewa ba sunan kamfanin da zai hau ƙirji. Kowane memba ƙuri'a ɗaya gare shi. Filinsu, Broadhurst Park, da suka buɗe a 2015, yana Moston, dab da Newton Heath.

Mafi yawa kuwa ba su iya barin Old Trafford ba. A watan Janairu 2010 aka bayyana cewa bashin ya haura fam miliyan 700, masu kulob kuma suka fitar da takardun neman sabon rance na fam miliyan 500. A nan dabarar ta fito. Ba za ka yi wa masu kulob bore da jar riga ba, tunda a shagonsu ka saye ta, kuɗinka aljihunsu ya shiga. Sai aka koma launin da ya riga kowane attajiri zuwa, na ma'aikatan jirgin ƙasa. Cikin ƴan makonni ƙyallen tsanwa da rawaya, wanda ƴan tebur ke sayarwa a bakin fili, ya mamaye tiribin. A wasan ƙarshe na kofin League da Aston Villa a Wembley, ƙarshen Fabrairu, ɓangaren United kamar gonar da ta yi fure. Ranar 10 ga Maris kuma David Beckham ya dawo Old Trafford da rigar AC Milan, aka ci su 4 da 0, yana fita wani ya jefo ƙyallen, ya duƙa ya ɗauka ya rataya a wuya. Daga baya ya ce shi tsohon launin ƙungiyar kawai ya gani, ba ruwansa da rigimar shugabanci. Hoton dai ya riga ya zagaye duniya.

A ganinmu, ba komai ba ne cewa Newton Heath ba ta daɗe da tsanwa da rawaya ba, ko cewa a cikinsu aka ci ta 6 da nema. Masu ƙyallen ba darasin tarihi suke bayarwa ba. Sun nemi launin da ba wanda ya saya da kuɗinsa, kuma wannan kaɗai suke da shi. Ja na Davies ne, Gibson ya cece shi, Glazer ya gaje shi da rance.

Ko boren ya yi aiki? Bai kori kowa ba. Wasu attajiran Ingila masu goyon bayan ƙungiyar sun yi yunƙurin saye a 2010, abin ya watse. Alex Ferguson kuma ya ci gaba da kawo kofi, gasar 2011 da ta 2013, mai cin kofi kuwa ba ya son dogon lissafi, sai ƙyallen ya koma akwati. Tun da Ferguson ya tafi a 2013 gasar Ingila ba ta sake shiga Old Trafford ba, ƙyallen ya sake fitowa. Ranar 2 ga Mayu 2021, bayan yunƙurin kafa gasar Super League da iyalan Glazer ke ciki, magoya baya suka kutsa har tsakiyar fili da hayaƙi tsanwa da rawaya, dole aka ɗage wasa da Liverpool. A watan Mayu 2024 kuma duk mun ga a tele yadda ruwan sama ke kwarara daga rufin filin ranar wasa da Arsenal.

A watan Fabrairu 2024 Jim Ratcliffe, mai kamfanin Ineos, ya sayi kashi ɗaya cikin huɗu da ɗoriya na kulob ɗin, aka damƙa masa harkar ƙwallo. A Failsworth aka haife shi, unguwar da ke maƙwabtaka da Newton Heath. Rinjayen hannun jari dai yana wurin iyalan Glazer, kuma bashin da aka ɗora wa ƙungiyar a 2005 har yau ba a gama sauke shi ba.