Manning, Rivers da Roethlisberger: Wa ya cancanci shiga Zauren Gwanaye na Canton?

A watan Afrilun 2004 ƙungiyoyin gasar NFL ta Amurka suka hallara a birnin New York domin zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, kamar yadda suke yi kowace shekara. Ƙungiyar San Diego Chargers ce ta fara zaɓe, ta ɗauki Eli Manning, duk da cewa ya riga ya sanar da cewa ba zai buga mata wasa ba. New York Giants ta ɗauki Philip Rivers a zaɓi na 4, kuma a ranar ƙungiyoyin biyu suka yi musanyar matasan. Pittsburgh Steelers kuwa ta ɗauki Ben Roethlisberger a zaɓi na 11. Dukkansu ukun matsayi ɗaya suke bugawa, kuma tun daga ranar ake gwada su da juna.

Matsayin shi ne kwatabak, wato jagoran masu kai hari a ƙwallon ƙafa irin na Amurka, wasan da hannu ya fi ƙafa aiki a cikinsa. Kwatabak ne ke karɓar ƙwallo a farkon kowane hari, ya duba yadda masu tsaron baya suka jeru, sannan ya jefa wa abokin wasansa ko ya miƙa wa mai gudu. Ana ƙidaya aikinsa da yadin da jifansa ya ci, da yawan jifan da ya kai ƙwallo gidan abokan hamayya, wanda ke kawo maki shida, da kuma yawan ƙwallayen da abokan hamayya suka cafke masa.

Karramawa mafi girma da ɗan wasa zai samu bayan ritaya ita ce shiga Zauren Gwanaye da ke garin Canton a jihar Ohio, garin da aka kafa gasar a 1920. An buɗe zauren a 1963. Sai ɗan wasa ya cika kaka biyar da barin fili kafin a duba cancantarsa, kuma sai ya samu kashi 80 cikin 100 na ƙuri'un kwamitin zaɓe, wanda akasarin mambobinsa 'yan jaridar wasanni ne. Wanda ya tsallake ana ba shi kwat mai ruwan zinare, a kuma ajiye mutum-mutumin kansa na tagulla a zauren. Babu wani adadi da aka rubuta cewa wanda ya kai shi ya shiga, kuma wannan ne mafarin gardama.

Roethlisberger ne maganarsa ta fi sauƙi. Ya yi kaka 18 a Steelers, ya ci wasa 165 a cikin kakar gasa, ya sha kashi a 81, ya yi canjaras sau ɗaya. Ya jefa yadi 64,088, jifansa 418 sun kawo maki. Sau uku ya kai wasan ƙarshe na Super Bowl, ya ci biyu, a Fabrairun 2006 da Fabrairun 2009. Gaskiya ne cewa a na farkon bai taka rawar kirki ba, masu gudu da masu tsaron baya ne suka ɗauki nauyin wasan, amma a na biyun shi ya jagoranci harin ƙarshe da ya kayar da Arizona da ci 27 da 23. Yana da kofi, yana da alƙaluma. A 2027 za a fara duba sunansa, kuma da wuya ya daɗe a bakin ƙofa.

Takaddamar tana tsakanin mutum biyun da aka musanya.

Eli Manning ya yi kaka 16 a Giants. A wasannin kakar gasa da ya fara bugawa ya ci 117, ya sha kashi a 117, babu ragi babu ƙari. Ya jefa yadi 57,023 da jifa 366 masu maki, amma an cafke masa ƙwallo sau 244, kuma a kaka uku, wato 2007 da 2010 da 2013, babu wanda aka cafke wa ƙwallo fiye da shi a duk gasar. Wanda ya tsaya a nan zai ce ɗan wasa ne mai juriya, matsakaicin gwani. Juriyar kuwa ba a musunta: wasa 210 a jere ya fara ba tare da fashi ba, a wasan da ƙatti ke kayar da mutum ƙasa kowane mako.

Sai dai akwai darare biyu. A Fabrairun 2008 New England Patriots ta Tom Brady ta zo Super Bowl da nasara 18 a jere, saura wasa ɗaya ta kammala kaka ba tare da an doke ta ba. Ana dab da tashi, Giants tana baya, Manning ya kuɓuce daga hannun masu tsaron baya da suka riƙe rigarsa, ya wurga ƙwallo, David Tyree ya danne ta a jikin hular kwanonsa yana faɗuwa. Saura daƙiƙa 35 Manning ya jefa wa Plaxico Burress ƙwallon da ta rufe wasan da ci 17 da 14. Bayan shekara huɗu aka sake haɗuwa, Giants ta sake yin nasara da ci 21 da 17. A duka biyun Manning aka zaɓa gwarzon wasa. Cikin masu tsaron bayan da suka hana Brady sakat a wasannin akwai Osi Umenyiora, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, kuma masu sukar Manning kan ce irin su ne suka ci kofin farko, tunda maki 14 kacal Patriots ta iya samu.

Wani adadi ya taƙaita rayuwar wasan Manning: a zagayen sili-ɗaya-ƙwale ya ci wasa takwas, kuma duk takwas ɗin a waɗannan kakanni biyu ne. A sauran kaka 14 bai ci ko ɗaya ba.

Rivers kishiyar wannan ne. Lokacin da ya yi ritaya a farkon 2021 yana da yadi 63,440 da jifa 421 masu maki, an cafke masa 209. Ta kowane ɗayan waɗannan ma'aunai ya fi Manning. Sau takwas aka zaɓe shi zuwa wasan taurari na Pro Bowl, Manning sau huɗu. Ko a juriya ma ya wuce shi, da wasa 240 a jere. Amma bai taɓa taka filin Super Bowl ba. Kusa da ya fi yi shi ne Janairun 2008, lokacin da ya buga wasan kusa da na ƙarshe da tsinkakkiyar jijiya a gwiwa, Patriots ta doke Chargers da ci 21 da 12. Mako biyu bayan haka Manning ya kayar da wannan ƙungiyar.

Tarihin zauren bai raba gardamar ba, domin kowane ɓangare yana da hujja a ciki. Joe Namath ya shiga a 1985 alhali ƙwallayen da aka cafke masa, 220, sun fi jifansa masu maki, 173; nasarar da ya jagoranci New York Jets ta samu a Janairun 1969 ce ta fi komai nauyi a sunansa. Amma Jim Plunkett, wanda ya ci Super Bowl biyu da Raiders, har yanzu yana waje. A ɗaya ɓangaren, Dan Fouts ya shiga a 1993 ba tare da ya taɓa zuwa Super Bowl ba, Dan Marino ya shiga a 2005 ba tare da kofi ba.

Abin da magoya bayan Rivers kan tsallake shi ne dalilin shigar waɗannan biyun. Marino ya jefa yadi 5,084 da jifa 48 masu maki a 1984, ya zama gwarzon gasar, kuma sai a 2011 aka karya tarihin yadin nan. Fouts ma a zamaninsa babu wanda ya kai shi yawan jifa shekara bayan shekara. Su ne kan gaba a lokacinsu. A cikin mutum ukun na 2004 babu wanda ya taɓa zama gwarzon gasar, babu kuma wanda aka taɓa sanya shi a sahun farko na fitattun 'yan wasan shekara. Sun yi zamani da Peyton Manning, yayan Eli, wanda ya ci kyautar gwarzo sau biyar, da Aaron Rodgers mai huɗu, da Brady mai uku. Su kansu alƙaluman nasu sai an duba su da hankali, domin tun 1978 dokokin gasar ke ta sauƙaƙa wa masu jifa, kuma a 2004, shekarar da suka shigo, aka tsananta hukunta masu tsaron baya da ke tare masu karɓar ƙwallo. Yadi 60,000 na yanzu ba shi da tsadar da yake da ita a zamanin Fouts.

Idan aka auna haka, hujjar Manning ta fi ta Rivers ƙarfi, ko da yake Rivers ya fi shi iya wasa a yawancin makonnin rayuwarsu. Zauren wurin adana tarihin wasan ne, kuma ba a iya ba da labarin shekarun Brady a tsallake mutumin da ya kayar da shi sau biyu a wasan ƙarshe. Sauran waɗanda suka zama gwarzon Super Bowl fiye da sau ɗaya su ne Bart Starr da Terry Bradshaw da Joe Montana, waɗanda duk suna cikin zauren, sai Brady da Patrick Mahomes.

Kwamitin bai yi gaggawa ba. A 2025, shekarar farko da Manning ya cancanta, ya kai sahun 'yan takara 15 na ƙarshe amma ba a zaɓe shi ba. Mutum huɗu kawai suka shiga, cikinsu har da Antonio Gates, wanda ya karɓi jifa 89 masu maki daga hannun Rivers. Shi kuwa Rivers, a Disambar 2025 ya dawo fili yana da shekara 44 domin ya taimaki Indianapolis Colts da raunuka suka addaba, kuma dawowar ta sa ƙidayar kaka biyar ɗinsa ta koma farko.