Ƙungiyoyin ɗalibai na yaƙi da shaye-shaye a Zamfara

Ƙungiyoyin ɗalibai na yaƙi da shaye-shaye tsari ne da ake horar da wasu 'yan sakandare domin su riƙa faɗakar da 'yan uwansu illar taba sigari da ƙwayoyi. Hikimar ita ce, yaro ya fi sakin jiki da sa'ansa fiye da malami mai riƙe da bulala.

Hukumar NDLEA mai yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, wadda aka kafa a 1989, tana kan gaba wajen assasa irin waɗannan ƙungiyoyi a makarantu, musamman bayan ƙaddamar da shirinta na yaƙi da shaye-shaye mai suna WADA a Yunin 2021. Tana da babban ofishi a Jihar Zamfara. Ɗalibai kan isar da saƙon ta muhawara, wasan kwaikwayo ko ɗan jawabi a taron safe.

Ana jan kunne kan wiwi, tiramol, sholisho da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigowa da shi a Mayun 2018. Dokar taba ta 2015 ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba sigari, kodayake mai tebur bai cika tambayar shekaru ba.