Ranar da na danna "y" a Roni: tarihin yadda Linux ya koyi tuna abin da ya girka

1/ Jama'a, zare ne mai ɗan tsawo. Masu wasa da Linux ku matso, sauran ma ku zauna, akwai labarin kujerun biki a ciki 🧵

2/ Wani hutu ina gida Roni, na aro tsohon faifan Linux a wajen wani yayana a Kazaure. Na girka, na ƙara wani rukunin manhajoji don gwaji, na mayar masa da faifansa. Da rukunin ya ishe ni sai na rubuta yum groupremove. Dogon jeri ya fito, ban karanta ba, na danna y. Ko da na sake kunna kwamfutar, rabin abubuwan da nake amfani da su sun tafi. Data ba ta isa saukewa ba, netwok ɗin ma sai a hankali. Haka na biya kuɗin mashin na koma Kazaure.

3/ Laifina ne, na yarda. Amma daga baya na gano abin yana da tarihi.

4/ A Linux, manhaja tana zuwa ne a ƙunshi-ƙunshi, kuma wani ƙunshin ba ya aiki sai da wani. RPM na Red Hat ya iya girka ƙunshi, amma ba ya nemo maka waɗanda ya dogara da su. Kai za ka bi su ɗaya bayan ɗaya. A farkon shekarun 2000, Seth Vidal da Michael Stenner na sashen fiziks a Jami'ar Duke ta Amurka suka samar da yum, wanda ke nemo su da kansa.

5/ Sai batun rukuni. Akwai wani fayil, comps.xml, da ke cewa: rukuni kaza ya ƙunshi waɗannan. An kasa su uku: na dole, na asali, da na ganin dama. Umarni ɗaya, ka samu duk kayan rubuta manhaja ko dukan fuskar kwamfuta. Daɗi.

6/ To ga inda gizo ke saƙar. Wajen girkawa, yum na ɗauko na dole da na asali kawai. Wajen cirewa kuwa, duk abin da sunansa ke cikin jerin sai ya kwashe, har na ganin daman da kai ka sa da hannunka, har wanda wani rukunin ke amfani da shi, sannan duk abin da ya dogara da su ya bi sahu.

7/ Kun san bayan biki, in an turo yara su kwashe kujerun haya? Aka ce musu "fararen kujerun roba". Sai su haɗa da naku na gida da na maƙwabta, a loda a mota. Yaran ba su yi ƙarya ba, duk farare ne. Babu dai wanda ya rubuta waɗanne aka kawo da safe. Haka yum yake a lokacin: yana da jerin suna, ba shi da rajistar wa ya kawo me.

8/ A 2013 Fedora ta sauya tsarin. Yum ya fara ajiye bayani: an girka rukuni kaza, ga abin da ya shigo ta dalilinsa, ga abin da ya tarar a ciki. In ka cire rukunin, nasa kaɗai zai ɗauka. RHEL 7 da ya fito a 2014 da wannan tsarin ya zo.

9/ A watan Yulin 2013 ɗin ne mota ta buge Seth Vidal yana kan keke a garin Durham, ya rasu. Ni dai duk sanda na tuna sai jikina ya yi sanyi.

10/ Gyaran bai zo kyauta ba fa. Wanda ya girka rukunoninsa kafin sauyin ba shi da rajista, don haka yum bai san da zamansu ba. Shi ya sa aka ƙara umarnin groups mark convert, a cike rajistar daga abin da ke kan na'urar. Mutane sun sha ruɗewa, kuma ban ga laifinsu ba.

11/ DNF ya gaji yum a Fedora 22 a 2015, DNF5 kuma ya karɓa a Fedora 41 a 2024. Har yanzu a kan wannan tunanin ake: kowane ƙunshi da dalilin shigowarsa a rubuce. 'Yan Debian da Ubuntu, naku ma haka ne, apt na bambanta wanda ka sa da kanka da wanda ya biyo shi, da wannan autoremove ke aiki.

12/ Yanzu Fedora nake amfani da shi, kuma kafin in danna y sai na karanta jerin har ƙasa. Faifan nan kuwa yana wajena har yau, yayan nawa ya ce in riƙe, ya gaji da ganina a ƙofar gida 😅