Asalin Kalma: Oke

A ofisoshin da ma'aikata daga ƙasashe daban-daban ke aiki tare, 'yar kalmar nan takan jawo tsokana. Wani ya rubuta OK, wani okay, ɗan Holan ya rubuta oké, mai jin Sifaniyanci ya ce okey, kowa na gyara wa ɗan'uwansa a saƙon aiki.

Abin dariyar, da gangan aka ɓata rubutunta tun fil azal. A shekarun 1830, 'yan jaridar Boston a Amurka sun yi yayin karkata rubutun kalmomi sannan su taƙaice su, don raha kawai. Ranar 23 ga Maris 1839, Boston Morning Post ta buga "o.k." da nufin "all correct", wato komai daidai, kamar an rubuta "oll korrect".

Da ta mutu kamar sauran 'yan'uwanta, sai zaɓen 1840 ya raya ta: magoya bayan Shugaba Martin Van Buren, da ake wa laƙabi "Old Kinderhook" saboda garinsu, suka kafa ƙungiyoyin O.K. Ya dai faɗi zaɓen. Farfesa Allen Walker Read na Jami'ar Kolombiya ne ya bi diddigin labarin a 1963 da 1964.