Kuɗin Dakon Wasiƙu a Jiragen Ƙasan Amurka

Kuɗin dakon wasiƙu shi ne ladan da gwamnatin Amurka ta riƙa biyan kamfanonin jirgin ƙasa don ɗaukar saƙonnin gidan waya. A 1838 majalisar dokoki ta ayyana kowane layin dogo a matsayin hanyar wasiƙa. An daɗe ana biya bisa nauyi: duk shekara huɗu a auna buhunan, a yanke farashi. Dokar 1916 ta mayar da lissafin kan girman wurin da kayan suka ci a tarago.

Kamfanonin da gwamnati ta ba filaye kashi 80 cikin ɗari na kuɗin dakon kawai suka riƙa karɓa.

Kuɗin nan ne ya riƙe jiragen fasinja masu yawa. Da gidan waya ya soke yawancin kwangilolin taragun tantance wasiƙu a 1967, da dama suka daina zirga-zirga.